Robar Hancin Doamna Filofteia

Litinin, 6 ga Maris

Yau aka kawo Doamna Filofteia, wato Uwargida Filofteia, gidan tsofaffin namu. Ɗaki na huɗu, gadon bakin taga. Ni na karɓe ta daga motar asibiti, kuma sai da na karanta sunan sau biyu kafin na yarda ita ce. Matar da ta riƙe sashen kwanciya na asibitin gundumar nan shekara talatin, wadda in aka ji ƙarar takalminta a baranda har likitoci ke gyara wuyan riga. A hannunta na koyi aiki tun ina 'yar shekara sha tara. Yanzu ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, haɗiya ta gagara, ga robar abinci a hanci an manna ta da filasta kamar an yi da ƙafa. Filastar ta fi komai ba ni haushi. Da a zamaninta wata ta manna haka, da ta kwana tana kuka.

Na cire na sake mannawa. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta fitar da wani abu mai kama da "ke yarinya." Shekarata hamsin da shida. Na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa na yi kukana.

Talata, 7 ga Maris

Larisa, da ke kirana Tanti, wato inna, ta gan ni ina taɓa robar, ta ce, "Tanti Aurica, filasta kawai ko?" Na ce filasta kawai, ranki ya daɗe. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Ita ce babbar nas ɗinmu tun bara. Digiri, shekara shida a Jamus, da takardar da ta liƙa a jikin kabad mai layi biyu: abin da mai digiri za ta yi, da abin da mu ƙananan nas 'yan tsohuwar makaranta za mu yi. Wanka namu ne, juya majiyyaci namu ne, awon zafi, ɗura abinci ta robar da wani ya sa. Amma sa robar, wannan sai ita ko likita. Ni da na sa roba ta fi gashin kanta yawa! Lokacin da nake zura ta a hancin mutane babu ko safar hannu, ita tana tsotson yatsa.

Ba ta da rashin kunya, in faɗi gaskiya. Ladabin ne ma ke ƙona ni.

Alhamis, 9 ga Maris

Ranar shahidai arba'in. Mai girki ta dafa mucenici, 'yan curin fulawar nan a ruwan zaƙi da ake yi don ranar, ƙanshin kirfa ya cika gidan. Na ga hancin Doamna yana motsi. Na tsoma auduga a ruwan zaƙin na shafa mata a leɓe, kaɗan, yadda ba zai wuce ba. Ta lumshe ido.

Nelu ya tono min ƙaramin allon jikarmu da alli. Ya ce, "Kai mata, ko ta samu abin zagin ki da shi." Mijin nan nawa ya san ta sarai, ita ta kore shi daga bakin asibiti sau uku lokacin yana nemana.

Asabar, 11 ga Maris

Ta yi rubutu da hagu. Kalma ta farko: ƘURA. Tana nuna saman kabad. Na goge.

Laraba, 15 ga Maris

Ɗanta ya kira daga Sifen, na riƙe mata wayar. Shi ya yi ta magana, ita tana kallon silin. Sai bazara zai zo.

Na fara tsefe mata gashi kullum bayan wanka. A da kullum a naɗe yake cikin farar hula, ban taɓa sanin yana da tsawo haka ba. Har gadon baya, fari tas, laushi kamar na jariri. In ina tajewa takan jingina kai a cikina. Ni dai na san in wani ya ce min wata rana kan Doamna Filofteia zai kwanta a cikina, da na ce ya sha barasar Nelu.

Litinin, 20 ga Maris

Ina ɗura mata abincin rana ta kama kwalbar ta juya tana duba rubutun. Ta ja allo: MADARA? Na ce eh, akwai, da sauran abubuwan gina jiki. Ta rubuta: AZUMI.

Na ce, "Haba Doamna, azumin Ista ai ba a kan mai ciwo yake ba. Ke da kanki kika sha faɗa wa majiyyata haka." Ta sha mur, ta juya wa bango fuska. Tun da na san ta ba ta taɓa cin nama ko madara a makonnin nan bakwai ba, ko a shekarun da ake ɓoye zuwa coci. Wake da mamaliga, tuwon masararmu, take zuwa da su aiki a ɗan kwano.

Laraba, 22 ga Maris

Ta zare robar. Da hannun hagu, a tsanake, ta naɗe ta ta ajiye a kan tire yadda ta koya mana. Na shigo na tarar tana zaune kamar ba ita ba.

Larisa ta sa mata ƙarin ruwa. Ta ce a bari ta huce.

Alhamis, 23 ga Maris

Na je na ɗauko Fada, limamin cocinmu, da kaina. Ya zauna a gefenta ya ce, "Uwata, jikin nan aro aka ba ki. Wa ya ce ki mayar da shi kafin a tambaya?" Ya ce azuminta na bana shi ne ta yi biyayya, ta bari a yi mata abin da ta yi wa mutane. Na ga wannan ya fi mata wuya a kan barin madara. Amma ta yarda a mayar da robar.

Juma'a, 24 ga Maris

Larisa ta gwada sau biyu, abu ya ƙi. Ta farko ta naɗe a baki. Ta biyu hanci ya yi jini, Doamna tana kakari tana dukan katifa. Ni ina tsaye riƙe da kwano kamar gunki, hannuna yana ƙaiƙayi. Ina ganin kuskuren ƙiri-ƙiri: robar ta yi laushi da ɗumin ɗaki, kan ya yi baya da yawa, tana turawa ba ta jiran haɗiya. Ban gyara mata ba. Ba ta tambaye ni ba, kuma, in faɗi abin da ba zan faɗa wa kowa ba, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Allah ya yafe min. A kan hancin Doamna na ji daɗin.

Dokta Zamfir ya zo da yamma. Ya ce kwana biyu ke nan ba abinci, ƙarin ruwa ba zai riƙe ta ba. In robar ba ta shiga ba zuwa Litinin da rana, a mayar da ita asibiti.

Da ya fita ta ja allo. BA CAN BA. Ta ja layi biyu a ƙasa har allin ya karye. Na gane. Sashenta ne za a kwantar da ita, yaran da ta horar su ne za su canza mata ƙyallen fitsari, masu shara su leƙo su ga yadda Shugaba ta koma. Ta goge da tafin hannu, ta sake rubuta kalma ɗaya, ta juyo min da allon.

KE.

Na ce, "Doamna, an hana mu. Takarda tana nan a kabad." Ta kalle ni irin kallon nan na da, wanda ke sa mutum ya ji ya koma ɗan shekara sha tara.

Nelu ya ce, "Aurica, saura shekara huɗu ki huta. Kar ki jawo mana." Na ce ya ci wakensa.

Asabar, 25 ga Maris

Zan rubuta duka yadda ya faru, don in ban rubuta ba zan fara gyara shi a raina.

Larisa tana hutu. Nas ɗin ƙarshen mako tana hawa na sama da wani da ya faɗi. Wajen ƙarfe biyu na rana na ɗauki sabuwar roba na sa a firji minti goma ta yi tauri. Na auna daga hanci zuwa kunne zuwa ƙasan ƙirji. Na zaunar da ita, na sunkuyar da haɓarta, na ce, "To Doamna, ke kika koya min. Haɗiye." Ta shige sumul, ko tari babu. Ko minti ɗaya ban yi ba. Na ji wani daɗi ya taso min tun daga ƙafa, rabona da jin irinsa tun ina asibiti.

Na gwada yadda muke gwadawa tun fil azal. Na ɗora abin sauraro a kan cikinta, na tura iska da sirinji. Fuuu. Ga shi nan, ƙarar da na ji sau dubu. Ta miƙo hannu, na sa mata abin a kunne, na sake turawa. Ta ji. Rabin fuskarta mai motsi ya yi murmushi. Mu biyu, shekara sittin da wani abu na aiki in an haɗa, duk mun ji.

Na haɗa shayi mai ɗumi da zuma don in fara da abu mai sauƙi. Na zuƙa a babban sirinji, na haɗa da bakin robar. Yatsana yana kan abin turawa.

"Tanti Aurica, dakata."

Larisa ce a bakin ƙofa, da rigar gida da jaka a kafaɗa. Ashe birni ta je da motarta a ranar hutunta neman roba siririya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Don Allah cire yatsanki tukuna." Na ce na saurara, tana ciki, Doamna ma ta ji. Ta ce, "Na yarda kun ji. Ba ni minti ɗaya."

Ta zuƙo ɗan ruwa daga robar da kyar, ta ɗiga a kan 'yar takardar gwajin nan da nake yi wa dariya, wadda nake cewa wasan 'yan makaranta. In ruwan ciki ne takan yi ja-ja saboda tsami. Ta yi kore. Ta sake, kore. Ta kara kunnenta a bakin robar, sannan ta miƙo min. Iska ce ke fita tana komawa, daidai da numfashin Doamna.

A huhu take.

Na ce ai ba ta yi tari ba. Larisa ta ce mai irin wannan ciwon wani lokaci ba ya tari, maƙogwaron ba ya jin komai. Ta ce ƙarar iskar kuma ko a huhu ta shiga ana iya jin ta a ciki, shi ya sa aka daina dogara da ita. Tana magana tana zare robar a hankali. Ni kuwa ina tsaye da sirinjin shayi a hannu, kofi guda cur, da zuma, da na zuba wa Doamna Filofteia a huhu da hannuna, don ina son ta.

Larisa ce ta karɓi sirinjin ta zaunar da ni.

Doamna ba ta kalle mu ba. Takardar take kallo.

Lahadi, 26 ga Maris

Ban je coci ba. Ban ci ba. Nelu bai ce ai na faɗa miki ba, ya dai yi ta kawo shayi, ni kuwa ko ganin shayi ba na so.

Litinin, 27 ga Maris

Na isa da niyyar in kwashe kayana. Larisa ta tare ni a ɗakin magani. Ta ce, "Zan rubuta abin da ya faru, Tanti. Dole ne." Na ce rubuta, kar ki rage ko wasali. Ta juya biro a hannu. Sannan ta ce, "Yaya kika yi ta wuce hancin ba jini? Ni kwana biyu ina tunani."

Na ɗauka ba'a ce. Na duba fuskarta, idonta ya faɗa, ashe ita ma ba ta yi barci ba. Ta ce tun ranar Juma'a take jin tsoron hancin nan, kuma Dokta zai zo ƙarfe ɗaya.

Na ce, "Sa ta a firji."

"A firji?"

"Ke dai sa ta. A Jamus ba su da firji ne?"

Ƙarfe goma muka shiga. Na hau gefen gado na rungume kan Doamna a ƙirjina, na sunkuyar da haɓar. Larisa ta riƙe roba. Na ce kar ki nufi sama, nufi kunne. Na ɗora yatsu biyu a maƙogwaron Doamna ina jiran ya motsa. "Tsaya. Tsaya, ba tsere ake ba. Yanzu." Ta tura. "Tsaya. Yanzu." Ina raɗa wa Doamna a kunne, haɗiye uwata, haɗiye, saura kaɗan. Ban taɓa ce mata uwata ba, bakina ne ya faɗa.

Larisa ta zuƙo, ta ɗiga. Mu uku muka zuba wa 'yar takardar ido. Ja-ja. Ta sake don tabbatarwa. Ja-ja.

Larisa ta fashe da kuka, ita da ba ta yi laifin komai ba. Na ce, "Ke, share fuska, majiyyaci na kallo." Sai da na faɗa na tuna bakin wa na ɗauko.

Dokta ya zo ya duba ya ce ta zauna. Ba asibiti.

Laraba, 29 ga Maris

Darakta ta kira ni. Takardar gargaɗi, na sa hannu. Ta ce in aka sake, sai dai wani aikin ba wannan ba. Na karanta abin da Larisa ta rubuta. Komai na nan, shayin ma. Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta rage ba.

Da yamma ina taje wa Doamna kai ta ja allo. Ta daɗe tana rubutu ko da yake kalma ɗaya ce.

NAWA?

Na yi kamar ban gane ba. Na ce nawa me, Doamna? Ta taɓa robar, ta taɓa ƙirjinta, ta nuna taga wajen da asibitin yake.

Ni ma abin da ke cina ke nan tun Asabar: mutum nawa muka zuba wa abinci a huhu ba mu sani ba. Akwai wani tsoho mai kiwon zuma, shekarar da aka yi ambaliya. Na sa masa roba da safe, na saurara, na ji fuuu, na ba shi romo. Da yamma zazzaɓi, kwana uku ya tafi. Aka rubuta ciwon huhu, tsufa. Matarsa har kwalbar zuma ta kawo min don na kula da shi. Wataƙila ciwon huhun ne da gaske. Wataƙila. Akwai wata mata kuma, ban tuna sunanta ba, gadon ƙarshe.

Na ce, "Ban sani ba, Doamna. Abin da aka sani ke nan a lokacin. Waɗanda muka ciyar suka tashi sun fi yawa." Ta rufe ido, hawaye ya bi ta ɓarin da ya shanye, inda ba ta jin sa. Na goge mata. Na ci gaba da tajewa har hannuna ya gaji.

Asabar, 1 ga Afrilu

Ta ƙara rabin kilo. Ta rubuta wa mai shara MALALACIYA. Sauƙi ya fara samuwa.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Larisa ta kawo min zacusca ta mahaifiyarta, miyar gasasshen yalo da barkono, a kwalba. Gishiri ya yi kaɗan. Na cinye.

Ta ce in nuna mata yadda nake jin haɗiya da yatsu. Na sa ta sha ruwa tana taɓa nata maƙogwaron, ta ƙware, ta fesa min a riga. Digiri ke nan.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Mun rina ƙwai ja na Ista a kicin da tsofaffin da ke iya zama. Na tura Doamna a keke. Ba ta taɓa ko ɗaya ba, amma duk wanda launinsa bai kama ba sai ta nuna shi da yatsa a mayar tukunya.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Ista. Ni ke aikin rana, rabin ma'aikata suna gida.

Wajen sha ɗaya ina juya ta, robar ta maƙale a maɓallin rigata ta zare fiye da rabi. Laifina ne. Na tsayar da abinci, na ƙarasa cire ta. Larisa tana ƙauyen mahaifiyarta, tafiyar awa guda da wani abu, suna kan tebur da gasasshen ɗan rago. Sabuwar roba tana aljihun kabad, makulli yana aljihuna. Takardun gwajin ma suna nan, yanzu na san karatunsu sarai. Minti biyar ya ishe ni, babu mai gani.

Na kira ta. Ta ce, "Almasihu ya tashi, Tanti." Na ce, "Hakika ya tashi, ke ma tashi ki taho, robar ta fita." Ina jin mahaifiyarta tana mita a baya.

Na sa robar a firji, na dawo na zauna a bakin gado. Doamna ta kalli hannuwana. Na ce a raina yanzu za ta ja allo, kuma ban san me zan ce mata ba in ta sake rubuta kalmar nan. Ba ta ja ba. Ta miƙo hagunta ta kamo hannuna na dama, ta lalubo na hagun ta haɗa, ta danne su duka biyu a kan bargo. Haka muka zauna, ana ta buga ƙararrawar coci a ƙasan tudu, har muka ji motar Larisa a tsakar gida. Ban sani ba ko tsare ni take yi kar in tashi, ko wani abu ne daban. Ƙarfin hannun nata bai kai na kaza ba, da na so da na zare.

Ɗakin da sanyi ne, hannunta kuma da ɗumi. Shi ya sa na bari.